Yadda Muka Kusa Kashe Malamin Lakol da Tuwo

Ba a daɗe da cewa Nasara ya tafi ya bar mana ƙasarmu ba aka kawo mana sabon malamin lakol, wato makarantar boko. Mu dai a ƙauyenmu, can tsakanin Gidan Sori da Gidan Rumji, ba mu taɓa ganin Nasaran ba balle mu ga tafiyarsa. Abin da muka gani na mulkin kai shi ne tuta da aka ɗaura wa doguwar gora a gaban ajinmu, sai kuma wannan bawan Allah da motar gyaɗa ta sauke a bakin hanya, da akwatinsa na ƙarfe da tsohon keke.

Ajin namu rumfar zana ce. Samarin gari ke yin gayya su tsayar da ita duk kaka, awakin gari kuma su yi tasu gayyar su cinye ta kafin damina. Ina shekarata ta uku a ciki, cikin 'yan matan da ba su cika yatsun hannu ba. Malamin da ya fara koya mana ɗan Maradi ne, ya zo da matarsa da tukunyarsa, ba ruwan kowa da cikinsa. Wannan sabon kuwa ɗan Dahome ne daga can bakin teku, tuzuru, siriri kamar sillen kara, Hausarsa ba ta wuce sannu da lafiya lau ba. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakol a wajenmu.

Maigari ya tara magidanta a gindin gawo ya ce baƙonka annabinka, wannan kuma baƙon gari ne gaba ɗaya. Ya tuna musu cewa mutanen ƙauyen da ke gabas da mu har yanzu suna jin haushin an ba mu lakol an hana su, ba don suna son ta ba, don dai mu aka ba. In suka ji malaminmu ya kwana da yunwa, to mun shiga bakinsu ke nan ranar kasuwa. Aka yanke cewa za a ciyar da shi karɓa-karɓa, kowane gida da ranarsa, akushi ɗaya da rana tsaka in an tashi daga karatun safe.

A nan sai na tsaya na bayyana wani abu, don yaran yanzu masu cin abinci kowa da farantinsa ba lalle su san shi ba. A wajenmu mutumin kirki ba ya suɗe akushi. Babba in ya ci sai ya bar saura a gefe, kuma ragowar nan magana ce, tana gaya wa matar gida cewa tuwonta ya ƙosar. Yaron da ya kai abinci shi zai jira ya komo da akushin, matar ta ɗaga faifai ta duba, sannan ta ce masa ɗauka, ragowar ta zama ladar ƙafarsa. In kuwa akushi ya dawo tas, to an faɗa wa gidan nan a fakaice cewa ko rowa gare su, ko ba su san kimar cikin namiji ba.

Gidan maigari ne ya fara. Uwargidansa mace ce mai jiki da murya, in ta yi magana a bakin rijiya ana jin ta a masussuka. Ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, ta kwarara man shanu, ta ɗora wa ɗanta. Yaron nan ya tafi yana taƙama, ya dawo yana sharɓar hawaye. Akushi fes, ko tururuwa ba za ta samu na kai wa gida ba. Uwargida ta juya shi gaba da baya, ta ce yunwar hanya ce, mutum ya taso tun daga bakin teku.

Kashegari gida na biyu ya kai, ya dawo fes. Na uku ya ƙara malmala guda, ya dawo fes. Kafin a zagayo gari sau ɗaya babu matar da ba ta sha wannan kunya ba, har da innata, kuma da yake kunyar ta game kowa sai aka yi ta dariya. A zagaye na biyu ne abin ya tashi daga wasa. Kowace mace ta ɗaura aniyar ita za ta fara ganin ragowar Mushe. Aka sauko da akusan da ba a taɓa su sai ranar suna. Aka shiga ɗanwake, aka shiga dambu, kajin gari suka fara raguwa. Uwargidan maigari ta aika da wani akushi da sai da yara biyu suka kama shi, ya dawo kamar an wanke da toka. Ardon Fulanin da ke rugar bayan gari ma bai yarda a bar su a baya ba, ya aiko da ƙwaryar nono wadda ake tallafa da hannu biyu. Matar da ta kawo ta leƙa ƙwaryar bayan Mushe ya gama, ta ce ko maraƙi yakan gaji ya saki nono.

Mu 'yan lakol mu muka fi kowa ganin sakamakon. Da safe Mushe wuta ne, yana zagaya mu da sandar awo, ba mai iya ko tari. Bayan azahar kuwa sai ya shigo yana jan ƙafa, ya rubuta layi ɗaya a babban allo, ya zauna ya dafe ciki, alli ya suɓuce daga hannunsa. Mun koyi lissafi mai kyau a shekarar nan don darasin safe ne, labarin ƙasa kuwa da ake yi da yamma har yau ban san inda wasu koguna suka nufa ba. Sau biyu yana kai wa baduku ɗamarar wandonsa a ƙara mata huji. Keken nan da ya zo da shi ya jingine shi a bayan ɗaki har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Kowa da abin da yake faɗa. Wanzami ya ce tsutsar ciki ce, ya aika masa da saiwa, ita ma ya shanye tas. Wasu tsofaffi suka ce ba shi kaɗai ke ci ba, akwai waɗanda ya zo da su daga teku da ba a gani. Babu dai wanda ya je ya tambaye shi, don ba a ƙirga wa baƙo loma, mu kuma yara wa ya isa ya yi wa Mushe zancen cikinsa. Abin da maigari ke gudu ya faru. A kasuwar Gidan Rumji mutanen gabas suka fara tarar namu suna tambaya, wai gaskiya ne gari guda ya kasa ƙosar da mutum ɗaya?

Gidanmu a ƙarshen gari yake, don haka ranarmu ta wannan zagayen ba ta zo ba sai da zafi ya kama. Shekarar geronmu bai yi ba. Babana ya ƙetare iyaka ya tafi cin rani kudu tun da aka gama girbi, ya bar mu ni da Inna da ƙanena, har lokacin ba saƙo ba labari. In Inna ta shiga rumbu ɗebo hatsi sai mu ji ƙarar ƙafarta a ƙasan rumbun, mu yi kamar ba mu ji ba. Abin da ya tsaya tsakaninmu da yunwar damina abu ɗaya ne, wani jan taure da ta yi shekara tana kiwo da dusa da harawa. Shirinta in abu ya tsananta ta kai shi kasuwa, ta sayo hatsin da zai kai mu sabon gero.

Inna ba mai yawan magana ba ce, amma tana da zuciya, kuma ta san hannunta a miya. Abin da ya tunzura ta, ana saura kwana kaɗan ranarmu uwargidan maigari ta ce a bakin rijiya, da muryar nan tata, wai ya kamata a tsallake gidajen da ba maza, kada a ɗora wa mutane abin da ba su iyawa. Ƙila ma da kyakkyawar niyya ta faɗa. Inna dai ta ja gugarta ta cika tulu, da ta iso gida ta ce in je in kira mahauci gobe da sassafe.

Na ce, "Inna, tauren fa shi ne hatsinmu."

Ta ce, "Na sani."

"To mi za mu ci in ruwa ya sauka?"

Ta dube ni ta ce, "Yunwa cikin ciki take, ba mai ganin ta. Akushi ko ta tsakar gari shika bi. Tahi ki kira shi."

Na ji haushinta ranar nan ƙwarai, na kuma ji haushin Mushe, da lakol, da duk wanda ya kawo ta. Amma na je na kira mahauci. Inna ta yi tuwo irin wanda ban taɓa gani ba, fari sol don sau uku ta tankaɗe garin. Ta yi miyar kuɓewa da daddawar da ta daɗe tana ɓoyo, ta jera naman tauren nan a sama har faifai ya ƙi zama. Ai tuwon girma miyarsa nama. Ƙamshi ya bi gidaje, mata suka riƙa leƙowa ta kan darni suna sannu da aiki. Ta ɗora mini a ka, wuyana ya lotsa, na nufi ɗakin Mushe da ke jikin aji.

Na yi sallama na ji shiru, na ƙara, sai na ji nishi. Na leƙa na gan shi kwance a kan tabarma, ya naɗe kamar kifi a tukunya, zufa ta jiƙa masa riga. Cikin nan da ya yi wata da watanni yana haƙuri ya zaɓi ranarmu ya yi tawaye. Na sauke akushi na ɗaga faifai. Ya dubi tulin naman, ya runtse ido, ya juya wa bango fuska, ya ce da ni da Faransanci in yi wa Allah in ɗauke.

Akushi fes abin kunya ne, amma akwai wanda ya fi shi, shi ne ya dawo ba a sa masa hannu ba. Wannan ba a ce kin yi rowa ba, cewa aka yi an ƙi abincinki, ko ana zargin kin sa wani abu a ciki. Na ratso gari da kayana, mata na zaune a ƙofofi suna jiran su ga yadda za ta ƙare, kuma duk wadda ta ga yadda wuyana ya lanƙwashe ta san nauyin bai ragu ba. Inna ta ɗaga faifai ta daɗe tana kallo. Ta mayar, ta ɗaure zanenta tamau, ta ɗauki akushin da kanta, ta kama hannuna. Matar da ko ƙofar lakol ba ta taɓa bi ba, sai ga ta ta nufi can kai tsaye, matan gari na biye da mu kamar ana rakiyar amarya, uwargidan maigari a gaba.

Yara sun riga sun taru don karatun yamma. Mushe ya ji hayaniya ya rarrafo ya zauna a bakin ƙofa, yana riƙe da ciki. Inna ta dire akushi a gabansa ta ce da ni, "Ke da anka kai ki koyon yarensu, yau ranarki ta. Tambaye shi mi yag gani cikin tuwona."

Na tattara ɗan Faransancin da nake da shi na tambaye shi. Ya dubi Inna, ya dubi taron matan nan, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce in gaya wa iyayena mata yana roƙonsu su ji tausayinsa. In wani laifi ya yi wa garin nan a faɗa masa ya nemi gafara, amma wannan horon ya fi ƙarfinsa. Ya ce a gidansu uwarsa ta rene shi a kan cewa barin ko loma ɗaya a kwano zagin hannun da ya dafa ne, ya sha duka a kan haka yana yaro. Shi ya sa kullum yake cinyewa don kada ya ɓata wa kowa, kullum kuma sai a ƙaro. Ya ce ya yi tunanin ya zubar a ɓoye, amma ina hali, tunda kowace rana ana tsayar masa da yaro a bakin ƙofa ya zuba masa ido, yana bin kowace loma da kallo don ya kai rahoto.

Yaran da yake nufi suna tsaye a wurin, waɗanda suka yi watanni suna haɗiyar yawu suna jiran ragowa. Na juya na mayar da maganar da Hausa daki-daki. Can uwargidan maigari ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe mu munka so kashe bawan Allah." Sai wata ta fashe da dariya, sauran suka kama, har da masu zama a ƙasa suna riƙe da haƙarƙari. Na bayyana wa Mushe yadda abin yake a wajenmu, ya buɗe baki ya kasa rufewa, sannan shi ma ya soma dariya, cikin ya murɗa masa, ya daina. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna na tsaye tana kallon naman da ke cikin akushi. Da hayaniya ta lafa ta ce da ni a hankali, "Hwaɗa mai taurena na yanka."

Na faɗa masa. Ya tambaye ni ko muna da wasu awakin, na ce a'a. Ya tambayi ina babana, na gaya masa. Ya tambayi me aka yi niyyar yi da tauren, na gaya masa wannan ma. Duk maganar da Faransanci muka yi ta, ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ji a wurin, kuma ranar ce na fara sanin amfanin yaren nan. Sai ya ce a ba shi ruwa, ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo daga gefe ya haɗa da tsoka guda, ya tura a baki ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan maɗaci. Ya ture akushin a hankali, ya dubi Inna ya ce da Hausarsa ta koyo, "Na ƙoshi. Na gode."

Inna ta ɗauki akushinta ta saƙale faifai a hammata, ta ratsa gari da shi a buɗe, kowa ya ga gurbin yatsun Mushe. Ita ce mace ta farko da ta ga ragowarsa, ba kuma wanda ya isa ya ce ba haka ba ne. Nama ba ya kwana a zafin nan, sai ta rarraba wa maƙwabta kamar yadda aka saba, muka ci namu. Ita ko tsoka ɗaya ban ga ta kai baki ba.

Da Mushe ya warke maigari da liman suka zaunar da shi suka koya masa cin abinci. Mutumin lissafi ne, ya nace sai an faɗa masa ko kashi nawa ake bari, liman ya ce ba a aunawa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Karatun yamma ya farfaɗo, muka fara kewar kwanakin da yake gyangyaɗi. Maigari ya sa aka yi shela cewa a koma ƙananan akusa. Ba wadda ta koma. Kowace mace na jiran wata ta fara ragewa don a ce ita ce ta gaza.

Sannan abin da na faɗa wa Inna ya zo. Hadari ya fara haɗuwa, aka yi shuka, rumbunmu ya ƙare ƙaf, babana bai dawo ba. Muka koma tafasa da hanza, wadda sai an yi kwanaki ana jiƙa ta kafin ɗacinta ya fita. Ƙanena ya daina wasa a waje. Inna ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu, amma in ta fita sai ta shafa mai a baki ta gaisa da kowa da fara'a. Ni kuwa a aji haruffa suka riƙa yi mini rawa a allo.

Wata safiya Mushe ya buga sandarsa a tebur ya ce yana da sabuwar doka. Ya gaji da sauya masa yara kullum, wasu ba su iya ko sallama da Faransanci ba. Daga yau har a tashi hutu, kowane gida ne da ranarsa, tafintarsa ce za ta riƙa ɗauko akushi ta kuma mayar. Ya nuna ni da sanda, fuska a murtuke kamar mai yanke hukunci. Yaran suka yi ta gunaguni, har aka ce mini 'yar gaban goshi.

Ranar ta faɗa kan gidan maigari. Na ɗauko akushin nan na yara biyu ni kaɗai, Mushe ya ci ɗan gefe ya ture. Na mayar wa uwargida a tsorace, don na san bakinta. Ta ɗaga faifai ta duba, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, na ga ta gane dabarar Mushe sarai. Ta ɗauko ƙwarya ta juye mini, har ta kankare gefen akushin, ta ce, "Ɗauka, ladar ƙahwakki ta. Ki bi ta bayan gida, rana ta yi zahi ta gaba." Haka sauran matan suka yi har aka tashi hutu. A lokacin da kowane gida ke auna hatsi da tafin hannu, akushin Mushe bai taɓa raguwa ba, kuma ban taɓa jin an yi zancen a bakin rijiya ba. Na yi yawo a duniya bayan haka, na zauna da masu ilimi da masu kuɗi, ban sake ganin mutanen da suka iya kyauta kamar matan nan ba.

Amma a ranar farkon nan ban san yadda Inna za ta karɓa ba. Na ajiye ƙwaryar a gabanta. Ta dube ta ta ce, "Mi a wanga? Sadaka anka ba ki?"

Na ce, "Ragowar Mushe ta. Ni yas sa ɗaukar akushi."

"Yau ɗai?"

"Kullum."

Ƙanena na tsugune ya kafe ƙwaryar da ido. Can Inna ta miƙa ɗan yatsa ta lakato miyar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Wagga ta gidan maigari ta," in ji ta. "Shekara da shekaru ina hwaɗa mata, kullum sai ta cika kanwa."

Ta jawo ƙanena kusa ta tura masa ƙwaryar, ta gutsuri nata ɗan kaɗan, ta juya mana baya tana ci, kafaɗunta na rawa don kukan da take ɓoye mana.